A Bar Gwazar Ado Ta Yi Barcinta

Duk shekara, da zarar ruwa ya ɗauke iskar hunturu ta fara busowa, akan yi wata asara a gidajen Birnin Kebbi da Kalgo da garuruwan da ke kewaye da su, asarar da ba mai lissafa ta. Shukar nan mai faffaɗan ganye, mai ja da fari da kore, wadda masu sayar da fulawa suke jerawa a bakin titi da damina, sai ta fara langaɓewa. Ganye ya kwanta, ya yi rawaya, ya bushe. Uwargida ta ga haka, sai ta ƙara ruwa safe da yamma, ta zuba taki, wani maigidan ma har feshi yake yi mata. Bayan 'yan makonni a kife tukunyar a juji, a ce ai fulawar Turawa ce, ba ta jure ƙasarmu. Alhali abin da aka zubar ɗin da ransa, in kuwa an tarar ya ruɓe, to ruwan da aka yi ta ɗura masa ne ya kashe shi.

Sunanta a littattafan masana kaladiyom. Ni gwazar ado nake ce mata, domin dangi ɗaya suke da gwaza da makani, har da kainuwar da ke yawo a kan tafkunan fadama. Duk wanda ya taɓa noman gwaza, in ya dubi ganyenta zai gane zumuncin nan take: siffar zuciya, da doguwar ƙafa mai fitowa kai tsaye daga ƙasa, ba gangar jiki ba reshe. Launi ne ya raba su. Akwai mai ganye fari fat da korayen jijiyoyi, akwai mai jan ciki da koren baki, akwai ruwan hoda, akwai wadda ja da fari suka yi wa ɗigo-ɗigo. Furenta ba wani abin kallo ba ne, ganyen shi ne adon.

Ra'ayina a kanta shi ne, cikin shuke-shuken ado da ake kawo mana daga waje, kaɗan ne suka dace da gari irin Diggi ta ƙaramar hukumar Kalgo kamar ita, kuma dalilin dacewar shi ne daidai abin da ake zubar da ita a kansa.

Asalinta Kudancin Amurka ne da Amurka ta Tsakiya, musamman Birazil da yankin kogin Amazon. A can, a bakin daji da gefen rafuka take fitowa, ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, kuma da yawa daga wuraren suna da lokacin da ruwa yake ja baya. Shukar ta zo da dabararta ta tsallake wannan lokaci. A ƙarƙashin ƙasa tana da dunƙulen saiwa, shi ne rumbunta: duk tsawon damina ganye yana karɓar haske yana haɗa abinci yana turawa ƙasa, idan rumbu ya cika ruwa kuma ya ɗauke, sai ta janye abin da ya rage a ganyen, ta kwanta. Dunƙulen da yake barci ba ya shan ruwa. In aka jiƙa shi a wannan hali, ruwan yana zama a jikinsa ne kawai, ƙwayoyin cutar da ke cikin ƙasa su samu ƙofa, ya yi laushi ya yi wari.

To dubi shekararmu. Ruwan da yankin Kalgo da Gwandu yake samu yana kai-kawo ne a wajajen milimita 800, kuma kusan dukansa yana sauka tsakanin Yuni da Satumba. Daga Nuwamba ɗari da ƙura, daga Maris zafin da yakan haura digiri 40. Sauran watannin kowa ya san yadda ruwa yake: yara da mata a bakin rijiya da famfo, a birni kuwa 'yan garuwa suna ƙara kuɗin jarka. A irin wannan ƙasa, shukar adon da ta cancanci wuri a tsakar gida ita ce wadda take neman ruwa lokacin da sama take bayarwa kyauta, ta kuma daina nema lokacin da ake sayen sa. Ina jin zafin ganin yadda ake shimfiɗa koriyar ciyawa a harabar manyan gidaje da ofisoshi, ana janyo ruwan burtsatse ana yi mata wanka da tsakar bazara, a unguwar da maƙwabta suke layi da bokiti. Gwazar ado ba ta ɗora wa kowa wannan nauyi. Wata biyar ko shida tana ado, sauran watannin ko kofi ɗaya ba ta so.

Na san tambayar da dattijo zai yi mini a zaure: “Ɗana, abin da ba ya shiga tukunya, ba a ba dabba, me za a yi da shi?” Tambaya ce ta mutumin da ya san yunwa, ba na raina ta. Amsata ita ce, Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, lalle ma ai ba a cin sa, amma tun kaka da kakanni ana shuka shi ana yi masa shinge. Marina sun rayu a kan ganyen da ake noma don launinsa kawai. Uwa takan shafe shekaru tana tara kwanukan jeren 'yarta, masaƙiyar faifai tana ɓata kwanaki wajen rina kaba, magini yana zana bangon zaure bayan ya gama ginin da zai tsaya ko babu zanen. Mutanenmu ba su taɓa ɗaukar kyau a matsayin ɓarna ba. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne shigar da wannan son kyau cikin abin da muke shukawa a tsakar gida, inda mata da yara suke wuni. Macen da take yini tsakanin murhu da turmi ta cancanci abin da idonta zai sauka a kai ta ji sanyi.

Zancen baƙunta kuwa bai kamata ya daɗe da mu ba. Rogo daga Birazil ɗin nan ya fito, Turawan Fotugal suka kawo shi Afirka a ƙarni na 16. Masara, tumatir, barkono, gyaɗa, gwanda, duk daga nahiyar Amurka suke. Dogon yaro da muke fakewa a inuwarsa ɗan Indiya ne, a 1928 aka fara dasa shi a Borno. A kudancin Najeriya ita kanta gwazar ado ta daɗe da tsallake shinge, tana fitowa da kanta a gefen gonaki.

Mu koma kan dunƙulen, domin duk aikin a kansa yake. In ka ɗora shi a tafin hannu za ka ga abu ne mai launin ƙasa, mai ƙwari, girmansa daga na goro zuwa na matsakaicin dankalin Turawa. Gefe ɗaya sumul ne, ɗan zagaye, wannan shi ne ƙasa. Ɗaya gefen yana da ƙulli-ƙulli da ɗan gashin tsofaffin saiwoyi, kuma a tsakanin ƙullin akwai idanu, ɗaya babba a tsakiya, ƙanana kewaye da shi. Wannan gefen ne yake kallon sama idan za a binne. Saiwoyin ma daga saman suke fitowa su bazu, shi ya sa ba a barin kansa a waje; a rufe shi da ƙasa mai kaurin yatsu biyu zuwa uku, wato santimita 4 ko 5. Manoman da suka ƙware suna da wata dabara: idan aka bar babban idon, shi zai yi mulki, ya fitar da ganye kaɗan manya dogaye, idan aka ƙwaƙule shi da tsinin wuƙa aka bar wurin ya sha iska kwana ɗaya, ƙananan idanun duk za su farka, tukunya ta cika da ganye gajeru masu yawa. Kowanne da kyansa. Ga tukunyar da za a ajiye a baranda na fi son a ƙwaƙule, domin dogayen ƙafafu ba sa jure iskarmu.

Lokacin shuka shi ne ƙarshen Mayu zuwa Yuni, idan ruwa ya zauna. A ƙasashen sanyi damuwarsu ita ce ƙasa ta yi ɗumi, domin dunƙulen ba ya motsi sosai sai zafin ƙasa ya kai wajen digiri 21. Mu wannan ba ya cikin matsalolinmu. Bayan mako biyu zuwa huɗu za ka ga wani tsini ya huda ƙasa, a nannaɗe tsam, ya yi ta miƙewa, sannan wata safiya ya warware. Ganyen farko yakan zo da kore fiye da sauran launukan, kada wannan ya sa a ce an yi wa mutum algus. Na biyu da na uku su ne suke nuna ainihin irin.

Ƙasar da za a zuba a tukunya tana son a haɗa ta da hannu. Lakar fadama zalla tana riƙe ruwa har dunƙule ya shaƙe, yashin jigawa zalla kuma kafin azahar ya bushe. A gauraya ƙasar gindin bishiya mai ruɓaɓɓen ganye da yashi da takin shanu wanda ya shekara ya yi baƙi ya daina wari. Sai abin da Allah ya hore mana a Kebbi wanda wasu suke saye da tsada: ɓuntun shinkafa. Ko'ina aka girka injin casa yana nan tsibi-tsibi. In aka ɗan babbaka shi ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba, aka zuba kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ƙasar takan yi sakwa-sakwa, ruwa ya ratsa ya wuce, danshi ya zauna. Toka kanta kada a yawaita ta a cikin haɗin, domin shukar ta fi son ƙasa mai ɗan tsami-tsami, toka kuwa tana kashe wannan tsamin. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Yuriya ma a yi hattara da ita: manomin shinkafa ya saba ganin ta tana sa ganye ya yi kore shar, to a nan ma haka za ta yi, ja da farin da aka sayi shukar dominsu su dushe. Ɗan tsunkulen NPK sau ɗaya a wata, a gefen tukunya nesa da gindi, ya wadatar.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba nesa ba kusa ba, don tana numfashi tana sanyaya saiwa. Tsohuwar randa da ta tsage, wadda ba ta riƙe ruwan sha kuma, ta samu sabon aiki. Ko wace iri ce dai, a huda gindinta, a ɗora ta a kan duwatsu uku ko bulo don ruwa ya samu hanyar fita.

Inda aka fi yin kuskure bayan ban ruwa shi ne wurin ajiyewa, kuma a nan shawarar da ake karantawa a intanet takan ɓatar da mu. Waɗanda suka rubuta ta mazauna Turai da Amurka ne, inda rana take karkata kudu duk shekara, don haka sukan ce a ajiye shukar inuwa a arewacin bango. Mu muna wajajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, wato daidai lokacin da gwazar ado take fitar da ganye, rana tsaka a kan kai take tsayawa, har ta ɗan leƙa ta arewa. Babu bangon da zai kare ta a wannan sa'a. Inuwar da take bukata daga sama za ta zo: gindin mangwaro, gefen dogon yaro, rumfar zana ko ta kara wadda haske yake ratsawa tsilli-tsilli, ko bakin baranda. Hantsi ba ya cutar da ita, yana ma ƙara wa launin armashi. Ranar azahar zuwa la'asar ita ce take ƙona ganyen, musamman farare, waɗanda siraran ne har kana iya hango inuwar yatsunka ta bayansu. Masu jan ganye da masu siririn ganye mai tsini sun fi jurewa.

Sai iska. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, da ƙura da guguwa a gaba kafin ruwa ya sauko, kuma cikin minti kaɗan yakan yayyaga ganyen da aka yi wata ana jira. A nemi lungun da ɗaki ko katanga ta tare gabas. Kada kuma a ajiye tukunya ƙarƙashin indararo ko bakin kwano inda ruwan rufi yake zuba da ƙarfi, zai tone ƙasar ya bar dunƙule a fili. Idan an yi kwana uku-huɗu ba ruwa, a tura yatsa cikin ƙasar, in gaɓar farko ta fito a bushe a ba ta. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun dace da ita ƙwarai, mai sabulu ko omo kuwa a kai shi wani wuri. Fara da tsutsa sukan ɗan taɓa ganye, tsince su da hannu ya isa.

Game da cikin ɗaki, zan faɗi abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Yawancin ɗakunanmu ƙananan tagogi gare su, hasken bai isa ba. Alamar ita ce ƙafafun su yi tsawo su yi laushi, su karkata wajen taga, launi ya koɗe. Falon da ke da na'urar sanyaya ɗaki ya fi muni, domin iskarsa busasshiya ce, gefen ganye sai ya ƙone ya naɗe. Fanka mai kaɗawa kai tsaye ma haka. Wanda yake da babbar taga mai samun hasken safe zai iya, in yana juya tukunyar lokaci-lokaci. Ga sauranmu, abin da ya fi shi ne shukar ta zauna a inuwar waje, ranar suna ko biki ko zuwan baƙi a shigo da ita ta yi kwana biyu-uku, a mayar.

Akwai maganar da ba zan sassauta ba, domin gidajenmu cike suke da yara. Gwazar ado guba ce, ganye da ƙafa da dunƙule. Ƙaiƙayin nan da ɗanyar gwaza take yi a maƙogwaro, wasu ƙananan allurai ne na sinadarin kalsiyom okzalet da ido ba ya gani, kuma wannan shuka cike take da su. Yaron da ya tauna ganyen zai ji bakinsa yana ƙuna, miyau ya dinga zuba, leɓe da harshe su kumbura. A cire abin da ya rage a bakin, a kuskure da ruwa, a ba shi ruwan sanyi ko madara kaɗan-kaɗan, kada a tilasta masa amai. In kumburin ya yi yawa, ko numfashi ko haɗiya ta fara wuya, a garzaya asibiti ba tare da jira ba. Ruwan jikinta yana sa ƙaiƙayi a fata, a ido kuma ya fi tsanani, don haka a wanke hannu bayan an taɓa yankakken dunƙule. A ɗaga tukunya inda mai rarrafe ba ya kaiwa, a kuma kare ta daga 'yan awaki. Haɗarin da ya fi ba ni tsoro a gari irin namu shi ne na ajiya: busasshen dunƙule ya yi kama da ƙaramar gwaza, kuma yarinyar da aka aika ɗauko abin dafawa ba za ta bambance ba. Kada a taɓa ajiye shi a madafi ko kusa da kayan abinci, kuma kowa a gidan ya san abin da ke cikin tukunyar. Mun zauna lafiya da rogo mai ɗaci da cin-da-zugu da tumfafiya saboda an san su, ita ma sanin ne zai sa a zauna da ita.

Idan watan Oktoba ya yi nisa, ganye yakan fara kwanciya. A rage ruwa, bayan mako biyu a daina gaba ɗaya. Kada a yanke ganyen da sauran kore a jikinsa, har yanzu yana sauke kaya. Idan duk sun bushe, hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce a ɗauki tukunyar yadda take a kai ta lungun ɗaki, a kwantar da ita a gefe don kada wani mai tausayi ya zuba mata ruwa, a manta da ita sai Mayu. Ta biyun ta fi aminci, ita ce kuma dole ga wanda ya shuka a ƙasa, domin ƙasar tsakar gida da bazara takan yi zafin da ƙafa ba ta takuwa, ga gara, ga kaji masu tono. A tona a hankali daga nesa da gindi, a kakkaɓe ƙasar ba tare da wankewa ba, a shanya a inuwa a kan buhu kamar mako ɗaya zuwa kwana goma. Busassun ƙafafun za su cire da kansu in an ja. A latsa kowane dunƙule da babban yatsa, wanda ya lotsa a jefar da shi nesa. Masu ƙwarin a barbaɗe su da toka, a jera cikin tukunyar ƙasa ko kwali, ana raba su da busasshen ɓuntu ko yashi don kada su taɓa juna. Leda ba ta yi, tana tara gumi.

Wurin ajiyar yana da abokan gaba biyu da suke zuwa ɗaya bayan ɗaya. Daren hunturu a Disamba da Janairu yakan sauka wajajen digiri 15 ko ƙasa da haka, kuma wannan sanyi yana raunana dunƙule, ya jinkirta tsirowarsa. Sai kuma Afrilu, lokacin da ɗakin kwano yake zama tanda, dunƙule ya yamushe ya ƙanƙance. Ɗakin laka mai kaurin bango yana maganin duka biyun, da dare ya riƙe ɗumi, da rana ya riƙe sanyi, kuma a nan ƙauye ya fi birni sa'a. A ɗora tukunyar a kan wani abu saboda gara, a rufe bakinta da faifai saboda ɓera, a riƙa dubawa sau ɗaya a wata. In damina ta kusa, wanda ya yi girma ana iya raba shi da wuƙa mai tsabta, kowane yanki da idonsa, a shafa toka a wurin yankan a bar shi ya bushe kwana biyu, yadda masu doya suke yi wa iri. Da haka tukunya ɗaya take zama uku, har a ba maƙwabciya. Duk matakan nan babu wanda yake baƙo ga mutumin da ya saba ajiye irin albasa ko na gwaza. Ilimin yana hannun manomi tun tuni, ma'aikacin da ya sayi fulawar a birni shi ne ba a gaya wa ba. Mai sayarwa da zai ɗauki minti ɗaya ya ce wa mai saye “Alhaji, in ta kwanta da kaka kada ka ba ta ruwa, kuma a kula da yara,” ba zai rasa ciniki ba, zai samu wanda zai dawo neman wani launin.

Wannan ne ya kai ni ga tunanin ko akwai sana'a a ciki. Mafi yawan dunƙulen gwazar ado da ake sayarwa a duniya daga wani ƙaramin gari suke fitowa, Lake Placid a jihar Fulorida ta Amurka, inda iyalai kaɗan suke noma ta a baƙar ƙasar tsohuwar fadama kusa da tafkin Istokpoga. Suna tonewa da sanyi, su busar, su ware manya da ƙanana, su aika ƙasashe, kuma duk shekara wajen ƙarshen Yuli garin yana yi mata biki. Tushen abin ba wani babban shiri ba ne. Wani mai son tsirrai, Henry Nehrling, ya ga tarin ire-iren da aka kawo daga Birazil a baje kolin duniya na Chicago a 1893, ya samo su ya kai lambunsa a Gotha, ya yi ta auratayyar iri. Tun 1976 Jami'ar Fulorida take da shirin fitar da sababbin ire-ire. A Tailan an daɗe ana renon ta ana gasar kyau, kuma lokacin kullen korona a 2020 da 2021 farashinta ya yi tashin gwauron zabi a can da Indunusiya.

Abin da ya ja hankalina shi ne irin hajar. Tumatir in ya kwana biyu a mota ya lalace, furen da aka yanka sai da sanyi. Busasshen dunƙule kuwa a buhu ake zuba shi, ya yi watanni yana jira, ya tafi Sakkwato ko Kano ko Abuja ko Yamai a bayan kowace mota. Mutanen da suka kai albasar Aliero kasuwannin kudu har da ƙetare ba za a koya musu ajiya da safara ba. Aikin raba iri da shanya da warewa kuma aiki ne da mace za ta yi a cikin gidanta.

Amma ba zan ce wa manomin Diggi ya rage fegin shinkafarsa ko taku ɗaya ba. Kasuwar fulawa a arewa ƙarama ce har yanzu. Cikin fadama kanta bai dace ba, domin dunƙule ba ya jure kwanciyar ruwa, kuma wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san abin da Gulbin Kebbi yake yi a Agusta da Satumba. Sai dai bakin fadama mai ɗan tudu, a kan kunya, ƙarƙashin mangwaron lambu. Babbar tambayar ita ce tsawon lokaci. A Fulorida shukar tana samun wata bakwai zuwa takwas a gona kafin a tone, mu daminarmu ba ta kai haka ba, kuma dunƙulen da bai samu isasshen lokaci ba yakan fito ƙarami fiye da yadda aka binne shi. Mai tukunya biyu zai iya cike giɓin da ɗan ban ruwa a Mayu da Oktoba. Mai niyyar sayarwa kuwa yana bukatar lissafi kafin ya zuba kuɗi.

Masu yin wannan lissafi suna kusa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza yake, cikin ƙaramar hukumar da Diggi take. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jiha da ke Aliero tana da tsangayar aikin gona. Cibiyar NIHORT ta Ibadan, wadda binciken kayan lambu da shuke-shuken ado yake cikin aikinta, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Gwajin bai fi ƙarfin ɗalibin shekarar ƙarshe ba: a samo iri huɗu ko biyar, fari da ja da mai siririn ganye, a shuka wasu a gindin mangwaro wasu a rumfar zana, a ajiye rabi cikin ɓuntu rabi cikin yashi a ga wanda ya fi kai wa Mayu da ƙwari. Kafin komai kuma a ɗora kowane dunƙule a sikeli ranar shuka a watan Yuni, a sake ɗora shi ranar tono a Nuwamba. In nauyi ya ƙaru, sai a fara maganar kasuwa da ƙungiyoyin mata da masu lambu. In ya ragu, sai a gwada ƙarin wata ɗaya ko biyu na ban ruwa da injin da manoman rani suke da shi, a ga ko kuɗin man zai fita.